Ina son fara shuka fulawa a bayan ɗaki, ta ina zan kama?

Maman 'Yan Biyu, Hanwa:

Assalamu alaikum jama'a. Ina da ɗan fili a bayan ɗaki, zai kai taku 6 a tsaye, 4 a kwance, sauran tsakar gidan kuwa duk siminti ne. Ƙasar wurin ja ce, ta yi tauri, akwai guntayen bulo da ragowar siminti tun na lokacin gini. Ruwanmu na rijiya ne, kuma daga watan Maris takan ja baya sai mun haɗa da na 'yan garuwa. Akwai kaji a gidan, da akuya ɗaya, da yara ƙanana.

So nake in mayar da wurin na fulawa, ko na samu abin kallo da safe, amma ko albasa ban taɓa shukawa ba. Yanzu da muke ƙarshen Afrilu, in fara ne ko in jira ruwa ya sauka? Wace fulawa ce ba ta da laulayi? A ƙasa ya fi ko a tukunya? Sannan da gaske ne fulawa na jawo maciji? Don Allah masana a taimaka.

Baba Mai Lambu, Samaru:

Wa alaikumus salam Hajiya. Kin yi tambaya a kan gaɓa, domin wannan watan na gyaran ƙasa ne, ba na shuka ba. Ruwan farko da ke sauka a Zariya a ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu mayaudari ne, yakan zuba sau ɗaya ya ɗauke mako biyu, tsiron da ya fito ya ƙone. Ki bari sai damina ta zauna, wato daga ƙarshen Mayu zuwa tsakiyar Yuni. Daga nan har farkon Oktoba sama ce za ta yi miki ban ruwa, kusan milimita 1,000 a shekara, kyauta. Mai koyo da ya fara a bazara kuɗin garuwa kaɗai zai sa ya tuba.

Kafin fartanya ta taɓa ƙasa, ki ba wurin yini guda na kallo. Ki leƙa da ƙarfe 8, da 12, da 4, ki ga inda rana take da inda inuwar katanga ta faɗa. Fulawa mai fure tana son rana ta awa 6 ko fiye. A inuwa za ta yi tsawo, ta yi siririya, ta ba ki ganye zalla. Wurin da ya fi daɗi a gida mai katanga shi ne gindin katangar yamma, inda hantsi ke samu, zafin la'asar kuma katanga ta tare. Gindin katangar gabas akasin haka ne, rana na dukansa daga azahar har faɗuwarta, bango ya ɗau zafi ya yi ta mayar wa shuka. Wani abin da mutane ba su lura da shi: daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Agusta rana ta ɗan karkata arewa da mu, sauran watanni kuma kudu take. Katangar kudu mai tsawon mita 2 da rabi, a Disamba inuwarta na wuce mita 1 da rabi ko da tsakar rana. Wurin da kika gani tarwai yau, da hunturu yana iya zama inuwa.

Kada ki haƙa filin duka. Ki fara da komi ɗaya, faɗin mita 1, tsawon mita 3. Faɗin mita 1 ne don hannunki ya kai tsakiya ba sai kin taka ba, taku na danne ƙasa. Ki ja shi nesa da bango da kamar kamu 1 da ɗan ɗori, santimita 60 ke nan, in ginin ƙasa ne ma ki ƙara, don danshin ban ruwa na cin gindin katanga. Ki kuma kauce wa inda indararo ko bakin kwano ke zubar da ruwa, nan ko dutse kika dasa sai ruwa ya tone shi.

Ki jiƙa wurin da yamma, washegari a sa diga a haƙa zurfin santimita 30. A tsince bulo da siminti tas, ba don tauri kaɗai ba: siminti na ɗauke da farar ƙasa, tana hana saiwa shan wasu sinadarai, musamman ƙarfe, sai ki ga sabon ganye ya fito rawaya jijiyoyinsa kore. In an tarar da marmara a ƙasa, diga na ƙara tana tsalle, kada a wahala. A jera bulo layi biyu a kewaye, a cika da ƙasar da aka kawo. Akwai gwaji mai sauƙi: haƙa rami zurfin kamu ɗaya, a cika da ruwa ya tsotse, a sake cikawa da magariba. In da safe ruwa na kwance, wurin ba ya tsanewa, dole a ɗaga komin sama da santimita 15 zuwa 20, in ba haka ba ruwan Agusta zai ruɓar da saiwa.

Ƙasarmu ta nan tana da wani hali. Garinta da laushi, ga ƙarancin ruɓaɓɓen ganye, to in ruwa ya doke ta rana ta biyo baya sai ta yi ɓawo a sama kamar ƙanzo. Ƙaramin iri ba ya iya fasa ɓawon nan, ruwa ma a kansa yake gudu ya tafi. Maganinsa taki. Bokitin fenti mai lita 20 cike da ruɓaɓɓen kashin shanu ko na awaki ya ishi murabba'in mita 2, wato bokiti ɗaya da rabi ga kominki, da bokiti ɗaya na yashin rafi mai tsakuwa-tsakuwa. A cakuɗa da ƙasar saman, a baje da manjagara, a bar shi mako 2 ko 3 yana shan ruwan farko. Ciyawar da ta tsiro a tsakanin nan a kankare ta, kin rage wa kanki aikin gaba.

Takin da ya ruɓe baƙi ne, ba ɗoyi, ba ɗumi in kin cusa hannu, yana murmushewa. Ɗanyen kashin kaji kuwa wuta ne, a cikin kwana 2 zai ƙone tsiro. A tara shi gefe, a yayyafa ruwa, a riƙa juyawa duk mako 2, sai bayan wata 2 zuwa 3 a yi amfani da shi.

Ga mai fara koyo, fulawa iri 4 sun isa. Ziniya da marigol, dukansu 'yan asalin Meziko ne, zafi ba ya ba su tsoro. Irinsu babba ne, hannu na iya ɗauka, ana binne shi zurfin rabin santimita, ya tsiro cikin kwana 4 zuwa 7, ya yi fure cikin mako 6 zuwa 8. A sa ƙwaya 2 ko 3 a rami, tazarar santimita 30, in sun yi ganye 4 a cire raunana a bar ɗaya. Nan ne masu koyo ke jin tausayi su bar duka, ƙarshe su cunkushe, iska ba ta ratsawa, cuta ta shiga. Na uku binka, mai fure fari ko ruwan hoda da ganye mai sheƙi, wadda asalinta daga Madagaska ne. Tana fure shekara zagaye, tana zubar da iri ta haifi kanta. Na huɗu fotulaka, 'yar'uwar fasa-ƙaba ce da ke fitowa a juji, sai dai furenta manya ne masu launi iri-iri. Ita ba ta bukatar iri ma: ki tsinko reshe tsawon yatsa, ki soka a ƙasa, cikin mako guda ya kama. Ki jera ta a bakin komin. Da asuba za ki gan ta a tsuke kamar ba komai, hantsi na ɗagawa ta buɗe gaba ɗaya, ja da rawaya da fari, kafin la'asar ta sake rufewa. In rana ba ta fito ba ranar ba za ta buɗe ba, kada ki ce ciwo ne.

In ziniya da marigol suka kai tsawon santimita 15, ki sa farce ki tsinke kan. Zai yi miki ciwo, amma daga nan ne za su fitar da rassa 4 ko 6 maimakon sanda ɗaya mai fure ɗaya.

Anti Gyallesu:

Baba ya gama magana kan komi, Allah ya ƙara lafiya. Ni dai zan ce 'yar'uwa ki haɗa da tukwane, saboda rijiyar da kika ambata. Komin ziniya na damina ne, Nuwamba na yi ya gama aikinsa. Abin da zai riƙe miki gida da launi daga hunturu zuwa bazara tukwane 5 ko 6 ne da za ki iya shayarwa da buta.

Ga lissafin. A Maris da Afrilu, murabba'in mita ɗaya na shuka a rana na shan lita 6 zuwa 8 kullum. Komi mai murabba'in mita 3 ya tashi kusan jarka guda a yini. Tukunya mai lita 10 kuwa lita 1 zuwa 1 da rabi ta ishe ta. Ruwan alwala, da na wanke shinkafa, da na wanke ganye duk suna yi, ki ajiye bokiti a inda ake alwala kawai. Ruwan wanki mai omo ko bilic, da ruwan wanke-wanke mai mai da gishiri, kada su kusanci tukunya. Gishirin na taruwa, bakin ganye ya bushe kamar an babbaka, ki ga wani fari-fari a saman ƙasa.

Tukunyar ƙasa ta fi roba, tana numfashi, saiwa ba ta dahuwa, sai dai ta fi saurin bushewa. Randar da ta tsage ko tulun da bakinsa ya fashe duk sun yi. In roba ce ko bokitin fenti, a gasa ƙusa a huda gindi wuri 5 ko 6, kowace huda ta ɗauki fensir. Baƙar roba a kan siminti a watan Afrilu tukunyar dahuwa ce, ki ɗora ta kan bulo biyu iska ta ratsa ƙasanta, ko ki shafa mata farin fenti. Haɗin ƙasar tukunya: baƙar ƙasa kashi 2, ruɓaɓɓen taki kashi 1, yashi mai kauri kashi 1. Yashin shafe mai laushi ba ya yi, toshe ƙofofin iska yake. In kina samun ɓuntun shinkafa wanda aka babbaka ya yi baƙi bai zama toka ba, ya fi yashi, ga shi ba nauyi. Gwajinsa: ki jiƙa, ki dunƙula a hannu, ki buɗe. In ya tsaya a dunƙule amma kina taɓa shi da yatsa ya wargaje, ya yi. In ya zama kamar tuwo, ƙara yashi.

Mutane na cewa a zuba tsakuwa a gindin tukunya don ruwa ya wuce. Ba ya taimakawa. Ruwa ba ya barin ƙasa mai laushi ya shiga tsakuwa sai ƙasar ta cika ta tumbatsa, ke nan kin matso da jiƙaƙƙen wurin kusa da saiwa ne kawai. Guntun kasko ɗaya a kifa kan huda don ƙasa kada ta zube, shi ke nan.

Batun ban ruwa, yawancin fulawar tukunya ba ƙishirwa ke kashe ta ba, yawan so ne. Saiwa na bukatar iska. In ƙasa ta zauna a jiƙe kullum sai saiwar ta ruɓe, ganye ya yi yaushi, mai ita ta ga yaushi ta ƙara ruwa, ta ƙarasa ta. Ki cusa yatsa zuwa gaɓa ta biyu. Da danshi, ki bari. A bushe, ki zuba a hankali har ya ɗiga ta ƙasa. Yayyafi kaɗan-kaɗan kullum na sa saiwa ta tsaya a sama, rana ɗaya kika yi tafiya ta bushe. Da sassafe ya fi, a gindi, ba a kan ganye ba. Yaushin tsakar rana a bazara ba lallai ƙishi ba ne, ki duba da magariba, in ta miƙe lafiyarta ƙalau.

Ki rufe saman ƙasa da ɓawon gyaɗa ko busasshiyar ciyawa kaurin yatsu 2, amma kada ya taɓa jikin shukar. Kuma kada ki sa faranti a ƙarƙashin tukunya ruwa ya kwanta, sauro na kammala girma daga ƙwai cikin kwana 7 zuwa 10.

In kin nace sai kin riƙe komin da rani, ki binne ƙaramin tulu mara fenti a tsakiya har wuya, ki cika da ruwa, ki rufe bakin. Yana tsattsafowa a hankali, saiwoyi su kewaye shi, sai bayan kwana 2 ko 3 ki ƙara.

Maman 'Yan Biyu, Hanwa:

Na gode Baba, na gode Anti, Allah ya saka da alheri. To ita fulawar nan mai ƙaya da ke hawa katanga ta yi ja jawur da rani fa, zan iya? Kuma ba a ce komai kan akuyar da macijin ba, su ne maigidan ya fi damuwa da su.

Ɗan Tudun Wada:

Hajiya wannan bogenbiliya ce, kuma za ki iya, tana cikin masu taurin rai. Abin da kike gani ja ɗin nan ba shi ne furen ba, ganye ne da ya rine. Furen na ainihi ɗan fari ne ƙarami a tsakiya, ki duba da kyau za ki gan su uku-uku. Sirrinta ɗaya: wahala ke sa ta fure. In kina ba ta ruwa kullum da yuriya, za ta cika katanga da kore da ƙaya ba launi. In ta kama ta shekara, daga Nuwamba ki bar ta sai ganye ya fara yaushi kafin ki shayar. Aski kuma bayan ta gama fure ake yi, domin a sabon toho take yin launi.

Ba sai kin saya ba. Reshe ake yanka daga na maƙwabta, da izininsu, a Yuni ko Yuli lokacin da iska ke da laima. A zaɓi wanda ya fara yin itace, kaurin fensir, tsawon santimita 15 zuwa 20, mai ido 4 ko 5. A yanka da sabuwar reza dab da ƙarƙashin ido, a zage ganyen ƙasa a bar 2 a sama. A soka rabinsa a leda mai huda cike da yashi da ɗan ƙasa, ba taki, a ajiye a inuwa mai haske. Kan ya kalli sama yadda yake a jikin uwa, in aka juya shi ba zai kama ba. Bogenbiliya na ɗaukar mako 6 zuwa 10, kuma ba duka ke kamawa ba, don haka a sa 8 ko 10 in ana son 3. Kuskuren da aka fi yi: reshe ya fitar da toho a mako na biyu, sai a ɗauka ya kama a tumɓuke a dasa. Wannan tohon da abincin da ke cikin reshen ya fito, saiwa ba ta riga ta yi ba. A jira sai an ga farar saiwa ta hudar leda. Ranar dashe a yaga ledar da reza, kada a ja, saiwarta ba ta son a girgiza ta. Da yamma ake dashe, a shayar nan take, a yi mata 'yar rumfa da ganyen darbejiya kwana 3.

Haibiskus ma haka ake yi masa, shi ya fi sauri, mako 4 zuwa 6. Dangin zoɓo da rama da kuɓewa ne, kina ganin furen za ki gane. Kowane fure yini ɗaya yake yi ya faɗi, haka halinsa yake.

In kin saya a wurin masu fulawa na bakin titi, kada ki zaɓi wadda ta fi cika da fure. Ki zaɓi gajeriya mai rassa, ki juya bayan ganye ki duba ƙwari, ki ɗaga ledar. In saiwa ta fita ta shiga ƙasa har sai an fizge, za ta sha wuya bayan dashe. In kuma kin ɗan ja reshen ya taso sakwaf, jiya aka soka shi. Irin cikin fakiti mai hoton tulif da ire-irensa na ƙasashen sanyi ku bar wa masu shi, sai sun kwana a sanyi na watanni suke fure. Wardi yana yi a Zariya, ya fi kyau da hunturu, amma a damina baƙin tabo na zubar masa da ganye. Ki bari sai shekara ta biyu.

Kada kuma a raina namu na gida. Lalle in aka bar shi bai sha aski ba yana fitar da ƙananan furanni farare, ƙamshinsu da magariba na cika tsakar gida, ga ganyen ƙunshi. Ɗoɗɗoya a tukunya kusa da ƙofar kicin. Kariya kuma, mai kumburarren gindi, da rani take zubar da ganye ta rufe da fure ruwan hoda, a lokacin da komai ya bushe. Ita yashi kashi 2 take so, ƙasa kashi 1, a Agusta a janye ta ƙarƙashin baranda don ruwa na ruɓar da gindinta.

To amma ga yara ga akuya, a kula. Ruwan jikin kariya dafi ne, mafarauta sun daɗe suna sa shi a kibiya. Oliyanda, mai dogon siririn ganye da ake jerawa a bakin ofisoshi, ganye kaɗan na iya kashe akuya, hayaƙin itacenta ma ba shi da kyau. Fulawar da ake kira lantana na lalata hantar dabbobi. Gatarin kurege da ke fitowa a daji da damina kyakkyawa ne ƙwarai, amma saiwarsa kisa take. Difenbakiya, mai faffaɗan ganye da ɗigon fari da ake sawa a falo, in yaro ya tauna bakinsa da maƙogwaronsa na kumbura. Oliyanda da lantana da gatarin kurege kada su shigo gidan. Binka ma ba ta ciyuwa, ta zauna cikin shinge. Kariya a ɗora ta inda hannu ba ya kai.

Shinge dole ne, kuma kafin shuka, ba bayan an yi ɓarna ba. Wayar kaji mai tsawon mita 1 da santimita 20, turaku duk mita 1 da rabi, a binne gindin wayar santimita 10. Akuya na jingina ta tura, don haka a ɗaura gora ko katako a tsakiya. Kaji ba furen suke so ba, tonon takin suke, gwazarma suke nema.

Maciji ba ruwansa da fure. Abin da ke kawo shi ɓera da kwaɗi da maɓoya: tarin bulo, itacen girki, ciyawa mai duhu, ƙwan kaji. A share ƙarƙashin shuke-shuke a riƙa ganin ƙasa, a aske rassan ƙasa, kada a jibge tukwane a lungu.

Malama daga Kongo:

Sannunku da ƙoƙari. Bari in ɗora da abin da zai same ki bayan shuka ta fito, don kada ki firgita.

Makon farko, in kin ga tsiro ya kwanta, gindinsa ya tsuke ya yi baƙi kamar zare, wannan ruɓewar jarirai ce, cunkoso da yawan danshi ke kawo ta. Wanda ya kwanta ba ya tashi. A cire, a rage ruwa, a bar iska ta shiga. In kuma da safe kin tarar an yanke tsiro daga gindi kamar da almakashi, ki tona kewayen da yatsa, za ki samu tsutsa mai launin ƙasa a naɗe, ko gyare. Ƙadangaru ma na tsinke sabon tsiro, musamman kafin ciyawa ta fito a gari. Tsohon gidan sauro a kan 'yan sanduna na mako 3 ya raba ki da su, har da fara.

Gara ita ce babbar matsalar ƙasarmu. Busasshen abu take bi, shi ya sa ban cika son garin katako a komi ba: yana kiranta, kuma wajen ruɓewa yana janye sinadarin da ke sa ganye kore. A nan na ɗan saɓa da Anti kan ɓawon gyaɗa. A tukunyar da ke kan bulo ba laifi. A ƙasa kuwa, in unguwarku da gara, ki yi amfani da ganyen darbejiya, ki riƙa ɗagawa duk mako kina dubawa. Shukar da ta sha ƙishi gara ta fi kamawa.

Darɓa, wasu ƙananan ƙwari, na taruwa a sabon toho, ganye ya nannaɗe ya yi danƙo. Akwai kuma wani farin ƙwaro kamar auduga da ke maƙalewa a hammatar reshen haibiskus. Duk inda kika ga kiyashi na hawa da sauka, duba sama, ƙwarin nan suke kiwo don zaƙin da suke fitarwa. Ƙaramin cokali 1 na sabulun ruwa a lita 1 na ruwa, a fesa bayan ganye da yamma, a ɗauraye da safe. A gwada a reshe ɗaya tukuna, wani sabulun na ƙona ganye. Wanda ya fi ƙarfi: busassun 'ya'yan darbejiya giram 50, kamar cikin tafin hannu 2, a daka, a jiƙa a lita 1 ya kwana, a tace da ƙyalle, a fesa da yamma. Rana na kashe ƙarfinsa, don haka a maimaita duk kwana 5 zuwa 7, kuma ba nan take yake kisa ba, hana su ci yake. Maganin feshin wake da na masara ba na tsakar gida ba ne, ga yara ga kaji, kuma zai kashe ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi da ziniya za ta tara miki da hantsi. In kina da haibiskus har tsuntsun nan sha-kauci zai riƙa zuwa yana soka baki.

Agusta watan jarrabawa ne. Ganyen ziniya na ƙasa zai yi tabo ruwan ƙasa, daga baya wani farin gari ya hau kansa. A tsinke masu tabo a ƙona, kada a zuba cikin taki. Dogayen a kafa musu kara a ɗaure da tsumma saboda iska. A buɗe hanya ruwa ya fita daga komin. Da hunturu kuma ƙura ce: ganye ya yi fari-fari da ɗigo, da 'yar saƙa a baya, wasu mitsitsin gizo ne masu son bushewa. Wanke ganye da ruwa sama da ƙasa sau 2 a mako ya fi musu kowane magani.

Takin zamani kaɗan ake sawa. Kamfa, wato NPK 15-15-15, kwalin ashana 2 ga murabba'in mita, mako 3 bayan tsiro, a tona ɗan layi nesa da gindi da faɗin tafin hannu, a rufe. Tukunya mai lita 10 rabin ƙaramin cokali a wata, a ƙasa mai danshi. In ƙwayar ta taɓa jikin shuka tana ƙona shi. Toka ma a yi hankali, musamman ga iksora, mai jan fure cunkus kamar ƙwallo, wadda ƙasa mai ɗan tsami take so. Toka ko siminti na mayar da ita rawaya.

Ciyawar da za ta fi ba ki haushi aya-aya ce. In kin tsinke sama, 'ya'yan na ƙasa, kwana 3 ta dawo. Sai an bi da wuƙa an tono ƙwayar, bayan ruwa, ƙasa na da laushi.

Baba Mai Lambu, Samaru:

Na manta abu biyu Hajiya. Furen da ya fara bushewa a riƙa yanke shi har zuwa ganyen da ke ƙasansa. In aka bari ya yi iri, shukar na ganin ta gama aiki ta daina fure. Wanda kika yanka don kwalba a falo, da sassafe za ki yanka, ki zage ganyen da zai nutse, ki sauya ruwa kullum, ziniya na kai mako guda.

Daga tsakiyar Satumba kuma ki bar mafi kyau guda 5 ko 6 su bushe a jikin uwa, ki ɗaura musu zare don kada a yanke. In kan ya yi ruwan ƙasa yana ƙaras-ƙaras, a cire, a shanya a inuwa mako guda, a murje. Irin ziniya kamar kan mashi yake, na marigol siriri ne baƙi da farin gashi a kai. Wanda ya yi shafal ba ciki a zubar. A sa a ambulan na takarda, ba leda ba, a rubuta launi da shekara, a jefa cikin kwalba mai murfi, a ajiye a ɗakin da ba ya zafi. In fakitin da kika saya an rubuta F1 a jiki, wato iri ne da aka samar ta hanyar haɗa iri biyu, 'ya'yansa ba lallai su yi kama da uwa ba, launi da tsawo na iya bambanta. Kafin damina ta gaba ki ɗauki ƙwaya 10 ki naɗe a jiƙaƙƙen tsumma kwana 7. In 7 sun tsiro, irin na da kyau. In ƙasa da 5 ne, ki ninka abin da za ki zuba a kowane rami.